Darasin Kiwon Kaji: Yadda Ake Auna Akurki

Zuwa ga 'yan kasuwa da manoma da masu kiwo na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, darasinmu na wanga karo a kan akurki ne, wato ɗakin kwanan kaji. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa matan gida. Kajin gida yawancinsu na mata ne da yara, su sunka san adadinsu da halinsu, amma ginin akurki da sayen kayansa a hannun maigida yake. Sau da yawa mai gini bai tambayi mai ƙidaya ba, daga nan ɓarna ke farawa.

Kada wani ya raina zancen. Tun da fitinar ɓarayin daji ta yi ƙarfi a Zamfara, daga wajen 2011 zuwa yau, gidaje da yawa sun rasa shanu da tumaki, wasu sun baro ƙauyukansu sun tare cikin gari, a gidan dangi ko gidan haya mai ɗan tsakar gida. Dukiyar da ta rage wadda ake iya kamawa ran Talata a kai kasuwa, a sayo maganin yaro ko tiyar gero, kaza ce. Gidan da kaji 15 sunka mutu a mako ɗaya, asusunsu ne ya ƙone.

To, kuskuren da munka fi gani shi ne a auna akurki da kajin da ke hannu ran gini. Mutum na da kaji 5 da zakara 1, ya ce wa magini ya yi masa na guda 6. Ya manta kazar Hausa ba ta zama ita kaɗai. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, kuma takan yi haka sau 3 ko 4 a shekara. Mu ɗauki misali: cikin kajin nan 5, uku sun yi kwanci, kowace ta tsira da 'yan tsaki 5 bayan shirwa da sanyi sun ɗebi rabonsu. Bayan wata 4 waɗannan 15 sun zama sagaru da 'yan zakaru, jikinsu ya kusa na iyayensu. Kaji 21 ke nan a ɗakin da anka gina don 6. Da damina kuma uwar gida ta sayo ƙwan zabi ta sa wa kaza, bayan kwana 26 zuwa 28 ga 'yan zabi sun ƙaru. Saboda haka lissafin na ranar da kaji sunka fi yawa ne a shekara, ranar da ake jiran kasuwa ta yi kyau ba a sayar ba tukuna.

Yaushe ne wagga rana? Kowane mai karanta shafin farashi ya sani: gab da Sallah, da ƙarshen shekara sa'ad da fatake ke tara kaji su kai kudu don Kirsimeti. Sallah kuwa tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, babba farkon Yuni, kuma shekarun da ke biye sai ƙara shiga cikin bazara da ƙarshen hunturu suke. Ma'ana, akurki ya fi cika a watannin da zafi ya fi tsanani, Maris da Afirilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40 a ƙasarmu. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai 41, ba ta da hanyar fid da shi sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. In an cusa su jiki na gugar jiki, kowace murhu ce ga 'yar'uwarta. Da safe a buɗe a tarar da manya biyu ko uku a miƙe, masu ƙiba waɗanda anka fi sa wa rai, a ce sammu ne ko maciji. Ba ko ɗaya, ɗaki ne ya yi kaɗan.

Yanzu ga ma'auni. Abin da za mu riƙa kira murabba'i shi ne wuri mai ƙafa 1 a tsawo, ƙafa 1 a faɗi, kusan inda babban faifai zai rufe. Wanda ba shi da tef ya yi aiki da kamu: daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa na tsakiya kusan ƙafa 1 da rabi ne, kamu 2 ƙafa 3 ke nan, wato yadi 1. Tsawon bulon siminti ma kamu 1 ne, bulo 4 a jere ƙafa 6.

Kafin a ce murabba'i nawa, sai a tambaya: sa'a nawa kaza za ta yi a ciki? Kajin da ake saki da hantsi su yi kiwo a tsakar gida da bayan gida, ba su komowa sai magariba, kwana kawai suke yi. Irin waɗannan a ba kowace murabba'i 2. A wuraren da ke da sanyi ana rage wa haka, amma mu nan ba mu da wannan sauƙi. Kajin da ba a saki, ko don gida ƙarami ne, ko don maƙwabta, ko don shuka ta fito da damina, lissafinsu daban ne: murabba'i 3 zuwa 4 a cikin ɗaki, sa'an nan a kewaye musu fili da raga ko zana, murabba'i 8 zuwa 10 ga kowace. In babu filin ko kaɗan, dare da rana a ɗaki, to kada a kasa 4, biyar ya fi. Mai kaji 20 da ke sakinsu yana bukatar murabba'i 40, kamar ƙafa 5 sau ƙafa 8. Ranar da ya kulle su don gonar maƙwabci, bukatarsa ta ninka. Wanda ya san kowace damina sai ya kulle, ya yi lissafin kulle tun yanzu.

Irin kaza ma yana sake lissafi. Ma'aunin da munka bayar na kazar Hausa ne, wadda da ƙyar take wuce kilo 1 da rabi. Noiler da ake sayarwa 'yan tsakinta a kasuwanni, in ta girma nauyinta ya ninka haka, a ƙara mata rabin abin da anka ba ta Hausa. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar don ƙwai, a kulle ake kiwonta, ma'aunin kulle ya hau ta. Kajin nama na gidan gona da ake yankawa a mako 6 zuwa 8 su ne sunka fi ruɗin sabon mai kiwo: 50 na shiga kwali ɗaya ran da anka sayo su, bayan mako 5 ɗakin ya cika maƙil. A ba kowace murabba'i 1 da rabi tun farko, in bazara za ta riske su a kai 2, don su zafi ya fi saurin kayarwa.

Akwai wuri biyu da lissafi ke ɓacewa ko ga wanda ya auna, kuma a nan muke so a tsaya da kyau.

Na farko, magini yakan auna daga waje. An ce masa ƙafa 6 sau 4, wato murabba'i 24, wurin kaji 12. Ya ja igiya 6 da 4, ya jera bulo mai inci 6 daga cikin igiya. Bango ya ci rabin ƙafa ta kowane gefe, abin da ya rage a ciki ƙafa 5 sau 3, murabba'i 15. Kaji 7 ke nan, biyar sun rasa wuri, kuma kuɗin bulo da na aiki an riga an biya. Da tubalin ƙasa abin ya fi haka, don bangonsa ya fi kauri, ga yaɓe ciki da waje. A gaya wa magini da baki, a gaban shaida in da hali: awon ciki muke nufi. A shata shi a ƙasa da toka, ginin ya bi bayan shatar.

Na biyu, akurkin ƙasa mai kewaye irin na gargajiya, wanda ake ginawa kamar ɗan rumbu. Ido yana ganinsa da girma, amma kewaye ba ya ɗaukar abin da mai kusurwa huɗu ke ɗauka. Hanyar lissafinsa: a auna faɗinsa ta tsakiya daga ciki, a buga faɗin sau kansa, a zubar da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai faɗin kamu 2, wato ƙafa 3: uku sau uku tara, a zubar da rubu'i, saura kusan 7. Kaji 3 ne, in an matsa 4. Irinsa ne muke gani an tura kaji 10 a ciki an toshe ƙofa da dutse. Mai ƙafa 4 yana ba da murabba'i 12, kaji 6. Mai ƙafa 6 yana ba da 27 ko 28, kaji 13 ko 14. Ba mu ce a rushe na gargajiya ba, ƙasa ta fi bulo sanyi da rana, kuma kuɗinta kaɗan ne. A dai san abin da yake ɗauka.

Wani zai ce to a gina ƙato ɗaya a huta. Mu ba mu ga haka ba. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, ko da jimillarsu ɗaya ce. Maimakon 5 sau 8, a yi ɗaya 4 sau 6 na manya, ɗaya 4 sau 4 a wani gefen gida, nesa da na farko gwargwadon yadda tsakar gida ta bari. Ƙaramin yana da aiki biyu. Mafi yawan lokaci na uwa ne da 'yan tsakinta, don a cikin manya tattake su ake yi da dare, abincinsu kuma a cinye. A ɗaki mai faɗi da hunturu ɗumin uwa ba ya riƙe su, a ƙarami yana riƙewa. Aikinsa na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne masaukin baƙuwar kaza.

Kowa ya san annobar da ke share kaji da hunturu, kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe. Likitocin dabbobi na kiranta Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila. Garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan dukkansa. Hanyarta mafi sauƙi zuwa gida ita ce kasuwa. Sa'ad da ta shiga wani ƙauye, masu kaji kan yi gaggawar kai sauran kasuwa kafin su faɗi, farashi ya karye, mai neman araha ya saya ya kai gida ya tura cikin nasa. 'Yan kasuwa sun san wanga, in kun ga kaji sun yi araha ba dalili a tsakiyar hunturu, ku tambayi daga ina. Duk kazar da ta shigo daga waje, ta saye ce ko ta kyauta, har wadda anka kai kasuwa ba a sayar ba anka komo da ita, ta yi kwana 14 a ƙaramin akurki ita kaɗai, da kaskon ruwanta daban. Faɗin ɗaki ba ya maganin wagga cuta, rigakafi ke yi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafinta, har da irin wanda ake ɗigawa a ido, mai jure zafi fiye da sauran. Ana maimaita shi bayan wata 3 ko 4. A nemi malamin dabbobi tun kaka, kafin iska ta juya.

Tsayi shi ne abin da ake mantawa, ga shi kuwa iskar da kaji ke shaƙa a nan take. In rufin jinka ne ko ƙasa, ƙafa 4 ta isa. In kwano ne, a ɗaga shi ƙafa 6, a shimfiɗa kara ko tsohuwar zana a bisansa, don kwano mai ƙasa-ƙasa da azahar tanda ne, kuma zafin da bango ya sha ba ya fita sai tsakar dare. In akwai dogon yaro a gida, a gina a inuwarsa. A bar taga mai tsawo a ƙarƙashin rufi, faɗin taƙi ɗaya ko biyu, a bango biyu masu kallon juna ko masu maƙwabtaka, don iska ta shiga ta fita. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina yawanci daga gabas, saboda haka ƙofa da manyan tagogi su dubi kudu ko yamma, gabas a bar 'yar kafa kawai can sama. Da sanyi a rataya buhu, da zafi a cire. Tagar a rufe ta da ragar waya mai ƙananan ido, rabin inci. Raga mai inci 1 tana tare muzuru da tunku, amma ɓera da ƙaramin maciji na ratsa ta, su kuwa ƙwai da 'yan tsaki suke bi.

Ga gwaji wanda ba ya bukatar tef. Da asuba, kafin a saki kaji, a buɗe ƙofa a sa kai ciki. In zarni ya bugi hanci har ido ya yi yaji, in bango na da gumi, in ƙasa ta yi caɓi, to ko kajin sun yi yawa ko taga ta yi kaɗan. Abin da mutum bai iya jurewa minti ɗaya, su a cikinsa sunka kwana sa'a 11. Sauran alamun da rana ake ganinsu: gashin baya a fige, tukku da ciwon sara, ƙwai na raguwa, wasu kuma da magariba su ƙi shiga, su hau bishiya ko katanga. Kazar da ta ƙi ɗakinta ba taurin kai ba ne, a duba ɗakin.

Sandar kwana tana ƙara wa ƙaramin ɗaki albarka, don halin kaza ne ta kwana a bisa. A gitta sanda mai kaurin ƙotar fartanya, ƙafa 2 daga ƙasa, ƙafa 1 daga bango. Kowace kaza taƙi ɗaya ta ishe ta, wato inci 8 zuwa 10, da bazara a ƙara. Sanda mai ƙafa 6 na ɗaukar 7 ko 8. In biyu ne a bar ƙafa 1 da 'yan kai a tsakaninsu, kuma tsayinsu ɗaya, in ba haka ba duk sai su yi ta faɗa a kan ta sama, na bisa na yi wa na ƙasa kashi. Kajin nama masu nauyi ba su hawa, kada a ɓata katako. Wurin ƙwai kuwa, littattafan kiwo kan ce ɗaya ga kaji 4 ko 5, amma wannan na kajin da ba su kwanci ne. Kazar Hausa in ta kwanta ta riƙe wurin mako 3, wata ta zo ta saka nata a ciki, a ƙarshe wasu ƙwai su ƙyanƙyashe wasu su ruɓe. Kowace mai kwanci a ba ta nata, tsohuwar tukunya da anka kwantar ko kwando, faɗin ƙafa 1, a lungu mai duhu. Wurin da tukwanen nan da kaskon ruwa sunka ci, a fid da shi daga lissafin murabba'i.

Zurfin ɗaki kada ya wuce inda hannu da tsintsiya ke kaiwa. In mutum ba zai iya shiga ba, ƙafa 4 ita ce iyaka, kuma ƙofa ta zama a dogon gefe, mai faɗin da kafaɗa za ta wuce. Akurki mai ƙofa kamar bakin tulu ba a share shi, komai niyyar mai shi. A tsagar bangonsa kaskar kaji da ƙuma ke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jini, kaza ta yi ta ramewa ana zargin abinci. A yaɓe tsagogi, a shafa farar ƙasa, a zuba toka. Wannan ne ma aibin barin kaji su kwana ƙarƙashin rumbu kamar yadda anka saba: inuwa akwai, iska akwai, amma hannu ba ya kaiwa, gafiya kuwa na kaiwa.

Mutanen da ke kusa da ruwan Bakolori da magudanansa suna da nasu lissafi. Tun da anka gama madatsar a 1978 ƙasar wajen ba ta rabuwa da laima, saboda haka a ɗaga daɓen akurki taƙi ɗaya ko biyu bisa tsakar gida. Amma suna da riba a wani gefe: ɓuntun shinkafa yana nan a wurin masu casa da injin sheme, a shimfiɗa shi kaurin yatsa 4, yana shanye danshi. In ya haɗu da kashin kaji anka kwashe, taki ne wanda masu albasa da tumatir da tattasai ke biya, a bar shi ya huce kafin a zuba don ɗanyensa na ƙone shuka. Agwagi kuwa kada a ƙidaya su cikin kaji, kada a haɗa musu ɗaki. Suna jiƙa ƙasa, suna kuma cuɗanya da tsuntsayen ruwa a fadama. Tun da murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, likitoci ke gargaɗi a kan haka, da kuma a kan kwana da kaji a ɗakin mutane, ko don tsoron ɓarawo ne. Kwado da ƙofa mai ƙarfi sun fi.

Saura wanda ke gidan haya ko gidan dangi, bai san ran tashi ba. Shi kada ya zuba kuɗi a bulo. Kafinta ya yi masa na katako da raga mai ƙafafu, ƙafa 3 sau 6, tsayin ƙafafun kamu 1, ƙasan na sanduna masu 'yar tazara don kashi ya zuba. Murabba'i 18 ne, kaji 9 masu kwana kawai, mutum biyu na ɗaukarsa su ɗora a amalanke. A shafa wa ƙafafun baƙin mai saboda gara. In kaji sun kai 9, na goma kasuwa zai tafi ran Talata, ko Sallah ta zo ko ba ta zo ba, a fara da 'yan zakaru, don zakara 1 ya ishi kaji 10.

In Allah Ya kai mu, darasi mai zuwa a kan abincin 'yan tsaki ne a makonninsu 6 na farko.